Wa Ke Fara Cin Nama? Fashin Baƙi Kan Garken Masu Rikiɗa a Wasan Tatsuniya

Cinyar barewa ce ta kusa raba mu a daren Asabar ɗin da ta wuce, barewar da ba a taɓa haifa ba balle a kama. Mu shida ne a barandar gidanmu a Malali, an ɗauke wuta, mun jingina fitilar waya a jikin kofin shayi, ga takardu da ƙwayoyin ludo baje a kan tabarma. Ƙanina, wanda a cikin labarin shi ne ƙaton garke, ya doki cinyarsa ya ce shi ya kayar da barewar, don haka shi zai fara sa baki. 'Yar yayarmu, wadda ke ajin ƙarshe a sakandare kuma take riƙe da matsayin autar shugabar garke, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kawu babba, a tuna wa Kawu ƙarami ɗiyar wace ce ni." Wurin ya kaure da dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce ai ko'ina a duniya alfa shi ke fara ci, kuma alfa shi ne wanda ya fi kowa ƙarfi.

A kan wannan magana tasa nake so in tsaya, domin kusan duk matashin da ya zo mana wasa da ita yake zuwa a bakinsa.

Ga wanda bai san wasan ba, tatsuniya ce da ake yi da baki da yawa. Mutum ɗaya ke jan labari, shi ke faɗin inda ake da abin da ya faru, sauran kowa ya shiga rigar mutum guda a cikin labarin, ya yi magana da yawunsa, ya yanke shawara a madadinsa. In abu ya zo da shakka, ko za a tsallake katanga ko za a faɗi, sai a jefa ƙwaya ta raba gardama. Salon ya samu gindin zama a Amurka a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons. Ranar da Hajiyarmu ta fara ganin ƙwayoyin ta tsaya a kanmu ta ce, "Caca kuka kawo min gida?" Da ta ga ba ko sisi a tabarmar, ta saurara ta ji ana maganar kura, sai ta ce to da sauƙi, tunda dai da dare ne, ba a tatsuniya da rana.

A cikin ire-iren wasannin nan akwai reshe guda da ba jarumi ɗaya ake bi ba, garke ake bi: mutanen da ke rikiɗa su zama dabba, suna zaune a tsakanin jama'a da rana, suna da nasu shugabanci da dokoki da al'adu a ɓoye. A wajen Turawa dabbar kyarkeci ce. Tsarin da ya fi yaɗuwa kuwa, wanda littattafan soyayya na waya suka ƙara baza shi, hawa uku ne: alfa a sama, beta a matsayin na hannun dama, omega a ƙasa yana shan duka. A Kaduna kalmar farko ma kan jawo ruɗani, domin wani abokinmu da aka ce masa shi ne alfa sai ya tambaya ko rawani zai naɗa, shi a saninsa alfa malamin Yarbawa ne.

Tsarin nan yana da asali, kuma asalin nasa kuskure ne. A 1947 wani masanin dabbobi mai suna Rudolf Schenkel ya wallafa abin da ya gani a wajen kyarketan da aka tsare a gidan namun daji na birnin Basel a Suwizalan. Dabbobi ne da aka kwaso daga wurare dabam-dabam, ba dangin iya ba na baba, aka cusa su a keji ɗaya. Ya ga suna cizon juna har namiji ɗaya da mace ɗaya suka danne saura. A 1970 wani Ba'amurke, David Mech, ya rubuta babban littafi kan kyarkeci ya ɗauko wannan bayani, littafin ya karɓu, kalmar alfa ta shiga bakin duniya. Daga baya shi Mech ɗin ya tafi tsibirin Ellesmere a can ƙuryar arewacin Kanada, ya riƙa komawa duk lokacin da ƙanƙara ta saki, shekara 13, yana zaune kusa da kyarketan da ba wanda ya tsare su. Abin da ya wallafa a 1999 ya rushe nasa na farko. Garken kyarkeci a dawa iyali ne kawai: uba, uwa, da 'ya'yansu na bana da na bara da na bara waccan. Ba wanda ya yi kokawa ya ci sarauta. Iyaye ke gaba saboda su suka haifi saura, in yaro ya kai shekara ɗaya zuwa uku ya fita ya nemi mata ya kafa nasa. Mech ya yi ta roƙon masu buga tsohon littafinsa su daina.

Wato abin da Schenkel ya gani kamar mutum ne ya leƙa gidan yari, ya ga yadda ƙarti ke ƙwace wa raunana tuwo, ya fito ya rubuta cewa haka Hausawa ke zaman gida. Abin da Mech ya gani daga baya kuwa mu mun san sunansa tun kaka da kakanni: gandu. Maigida, iyalinsa, 'ya'ya na noma tare har ranar da kowa zai ware ya ja nasa. Har masu bin kyarketan gandun dajin Yellowstone, inda aka mayar da su a 1995, sun lura cewa in garke biyu suka gwabza, wanda ke da tsoho a cikinsa ya fi samun galaba. Tsohon da haƙorinsa ya fara lalacewa, amma ya san lokacin da ake tsayawa da lokacin da ake gudu.

Ba wai ina cewa dole tatsuniya ta bi kimiyya ba ne. Mutumin da ya yarda ɗan Adam na zama dabba ba shi da bakin cewa wani abu bai yi daidai da bincike ba. Damuwata ta mai jan labari ce. Garken da ƙarfi kaɗai ke mulkinsa labari ɗaya gare shi: wane ya doke wane. Mako biyu kun gama shi. Mun taɓa gwadawa, abin da ya faru shi ne wanda ƙwayarsa ta fi sa'a ya zama shugaba, sauran biyar suka koma 'yan kallo, mutum biyu suka daina zuwa.

Waɗanda suka fara gane haka da kyau su ne kamfanin White Wolf, da wasansu Werewolf: The Apocalypse na 1992. Ba su yar da alfa ba, amma sun kewaye shi da abubuwan da suka rage masa ƙarfi, kuma a nan ne duk mai son gina garke ya kamata ya zauna ya yi karatu. Na farko, sun ɗaura aikin kowa a kan yanayin wata a daren da aka haife shi. Wanda aka haifa a duhun wata shi ne mai tsokana da tambayar da ba a so. Na jinjirin wata shi ke hulɗa da iskoki. Na rabin wata alƙali ne, don rabinsa haske rabinsa duhu. Wanda wata ya kusa cika a darensa shi ne mawaƙi mai riƙe tarihi. Na daren sha huɗu shi ne mayaƙi. Biyar ke nan, daidai yawan mutanen da kan zauna a tabarma ɗaya, kuma ba na jin haɗuwa ce kawai. Kowa ya samu abin da in bai yi ba, ba mai yi.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, don duk mutanen nan suna fada. Ga barde, ga alƙali, ga sanƙira da maroƙa, ga wawan sarki wanda shi kaɗai ke faɗa wa sarki magana mai ɗaci ya kwana lafiya. Wannan na ƙarshen shi ne gishirin garke, kuma shi sababbin 'yan wasa suka fi rainawa. Mu da muka tashi muna ganin yadda taubashi ke yi wa taubashinsa tsiya a gaban mutane ba a ji haushi ba, ko yadda Bafulatani da Babarbare ke yi, ko Bakano da Bazazzagi, mun san cewa wasa hanya ce ta isar da gaskiyar da ba ta faɗuwa da fuska a ɗaure. A garkenmu mun mai da shi doka: akwai gida guda da ke da izinin yi wa shugaba ba'a a bainar taro, kuma in shugabar ta yi fushi ita ta faɗi.

Na biyu, sun ba garken dokoki 13 da ake rerawa kamar waƙa. Akwai ta girmama yankin wani, akwai ta karɓar miƙa wuya in abokin faɗa ya sallama, akwai haramcin cin naman mutum, akwai ta rufa asiri kada 'yan Adam su san da su. Amma guda biyu ne suka fi burge ni, kuma a jere suke. Ɗaya ta ce ana iya ƙalubalantar shugaba kowane lokaci in ana zaman lafiya. Ɗayar ta ce ba a ƙalubalantarsa in ana yaƙi. Kowacce ita kaɗai magana ce mai hankali. Haɗa su ka ga rami: wa ke da ikon cewa yanzu yaƙi ake? Shugaban. To shugaban da ya ji kujerarsa na rawa me zai hana shi hango maƙiyi a bayan kowane dutse? Ba sai na yi wa ɗan Najeriya bayanin mai mulkin da kullum ƙasa ke cikin halin ta-ɓaci a bakinsa ba. Daga tsakanin dokokin nan biyu kaɗai mai jan labari zai ci wata shida bai maimaita kansa ba.

Ƙalubalen ma ba lallai na faɗa ba ne. Akan yi kallon-kallo har ɗaya ya kau da ido, akan yi gasar wasa ƙwaƙwalwa, kuma akwai dattijon da aikinsa shi ne tsara yadda za a kara. Girma kuma ba a ƙwace shi, tara shi ake yi ta fuska uku, jarumta da mutunci da hikima, sai mawaƙi ya tashi a taro ya zayyana abin da ka yi, jama'a su amsa, sannan ka hau mataki. Matakan biyar ne daga sabon shiga zuwa dattijo. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan tauri ya tsaya yana kirari gaban kalangu ya san cewa aikin da ba a faɗa a fili ba kamar ba a yi shi ba ne.

A cikin dokokin nan 13 akwai wadda ta ce kason farko na abin da aka kashe na mafi girman matsayi ne. Ita ƙanina ya so ya kafa hujja da ita. Matsalarsa ɗaya: garkenmu ba na kyarketai ba ne. Kuraye ne.

Mun zaɓi kura ne saboda rikiɗar da muka ji a bakin kakanni tata ce, tare da ta ɓaunar nan da ta zama budurwa ta auri maharbi don ta ji sirrinsa. Kuma da na zauna na karanta yadda kura mai dabbare-dabbare ke zamanta, sai na ga tatsuniya ta zalunce ta. Mun san ta da kwaɗayi da tsoro da wauta, Gizo na yi mata wayo, dila na yi mata wayo, har muka ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Amma Hans Kruuk, wanda ya bi su a Serengeti da Ngorongoro a Tanzaniya ya wallafa a 1972, ya nuna yawancin abin da suke ci su suka farauto, sau da yawa ma zaki ne ke zuwa ya ƙwace. Dangi guda na iya kai kura 80, ba sa yawo tare, sukan watse biyu-biyu uku-uku su sake haɗuwa, amma kowacce ta san matsayin kowacce.

Mata ke mulki. Harshenmu ma kamar ya riga masana sani, don kura mace ce a bakin Bahaushe, sai an so ware namijin ake cewa kure. Matsayi kuma gado ne ta wajen uwa. Kay Holekamp da ɗalibanta, da ke bin kurayen Masai Mara a Kenya tun 1988, sun nuna yadda abin ke tafiya: 'yar kura na ɗaukar matsayin da ke ƙasa da na uwarta kai tsaye, sama da duk wadda uwar ta fi. Ba da ƙarfinta ba, uwar ce ke tsaya mata a duk rigima har kowa ya saba. Abin mamaki, auta kan hau kan yayyenta. Namiji kuwa in ya balaga yakan bar gida ya shiga wani dangi, a can zai fara daga ƙasan kowa, ƙasan jarirai ma, ya bi layi shekara da shekaru, ba ya matsawa gaba sai na gabansa ya mutu ko ya tafi. Masu bincike a Ngorongoro sun ƙara gano cewa in kura biyu suka yi karo, ba girman jiki ke raba su ba, yawan waɗanda za su taso su mara wa kowacce baya ne.

Ka ga dalilin da ya sa yarinyar nan ba ta ɗaga kai ba. Ƙaton da ƙanina ke wasa da shi baƙo ne, daga wani garke na wajen Birnin Gwari ya zo a cikin labarin, da rana yana tuƙa Keke Napep tsakanin Kawo da Kasuwa. Ita kuwa autar Magajiya ce, shugabar garke. Ko barewa goma ya kayar, sai ta ƙoshi.

Akwai amsa ta uku ga tambayar wa ke fara cin nama, kuma tana wajen dabbar da ainihin sunan kyarkeci nata ne kafin mu ara wa na Turai, wato karen dawan Afirka mai zane-zane. Su 'ya'ya ke fara ci, manya su tsaya gadi. Kuma a 2017 masu bincike a Botsuwana suka ba da rahoton cewa kafin su tashi farauta atishawa suke yi kamar masu kaɗa ƙuri'a: in babba ne ya fara zuga tafiyar, atishawa uku ta isa, in ƙarami ne sai an kai wajen goma. Mun ari wannan ma. Da yake atishawa ba ta zuwa da umarni, gyaran murya muke yi, abin da ya sa wani maƙwabci ya taɓa leƙowa ya tambaya ko mura ce ta kama gidan gaba ɗaya.

Babba ya fara ci, ko jinin sarauta, ko yara. Duk wadda ka zaɓa ka riga ka faɗi irin garken da kake da shi, wa ke jin an cuce shi, kuma daga ina tawaye zai ɓullo. Shi ya sa in wani ya ce in duba masa garken da ya ƙirƙira, ba na tambayar sunan shugaba. Rabon nama nake tambaya. Mu da muka san ko a ragon suna ungozoma da wanzami na da kasonsu, muka kuma san yadda 'yan farauta ke zare wuƙa a kan wa ya fara sara, bai kamata a koya mana wannan daga waje ba. Gadon sarauta ma haka. Maimakon ɗa ya gaji uba kai tsaye, mun ɗauki salon Zazzau, inda gidaje huɗu ke da haƙƙi, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kowanne na jiran rana. A garkenmu tsatso uku ne, kuma wanda ya daɗe bai hau ba shi ya fi kowa iya gaisuwa.

Sauran al'adun ba sa cin lokaci. Wurin taro, wanda namu wani tsibiri ne da muka ƙirƙira a tsakiyar kogin Kaduna. Maƙwabta, waɗanda ba sai an nema da nisa ba a garin da ake cewa daga kadduna ya samo suna, don haka kadojin rikiɗa ke riƙe da ruwa, kuraye na biyan su kuɗin fito. Sai ranar rikiɗar farko da sunan da ake raɗa wa mutum bayanta.

Dangin da ba sa rikiɗa su ne ba na so a wuce da sauri. Wasan 1992 ya tanade su, jini ɗaya amma ba baiwar, su ke auren masu rikiɗa, su ke rufa asiri, su ke wanke rigar da ta yage, kuma ba su da murya a taro. Mafi daɗin daren da muka taɓa yi babu faɗa ko ɗaya a cikinsa. Matar wani kure ce, mai sayar da atamfa a Kasuwar Barci, ta zo gaban Magajiya ta ce shekara tara tana yi wa uwarta ƙarya kan inda mijinta ke kwana, yau tana so a gaya mata me garke ya taɓa yi mata. Abokiyar aikina da ke wasa da matar ta yi maganar a hankali, tana kallon ƙasa, ta rufe da "Allah ya ba ki nasara" irin wadda ta fi zagi zafi. Sai da muka yi shiru har shayi ya huce.

Doka ɗaya ce a tabarmarmu da ba ta cikin labari: ba a liƙa wa garke sunan wata ƙabila ko wani gari ko wata sana'a ta gaske a ce su ne masu zama kura. A Habasha an daɗe ana jifan maƙera da wasu masu sana'ar hannu da wannan zargi, ana ce musu buda, ana ƙyamar aure da su. A nan gida mun san abin da kalmar maye ke jawo wa tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata. A garin da ya ga abin da Kaduna ta gani, ba ma wasa da irin wannan. Su ma masu wancan wasa, a bugu na biyar da ya fito a 2023, sun sauya sunayen wasu ƙabilun kyarketansu da aka aro daga al'ummomin asali na Amurka.

Maganar barewa kuwa, autar ta ci ta ƙoshi, yayyenta suka ci, aka bar wa ƙaton wuya da ƙafafu. Ƙanina ya tashi bai yi sallama ba, na ɗauka mun rasa shi. Shekaranjiya da yamma sai ga shi a shagona, ya ja kujera, ya yi ta kewaye-kewaye kan tsadar mai. Can ya rage murya ya ce, "Yaya, tsohuwar nan marar haƙori, ta gidan da suka daɗe ba su yi sarauta ba, 'ya'yanta mata nawa ne?" Na ce huɗu. Ya jinjina kai, ya ce in rubuta cewa daga yau duk abin da ya kama, hantar tata ce, kuma a ɓoye zai riƙa kai mata.